Likitan Masil

Kalma ɗaya ce ta Turanci ta kusa sa ɗana ya bar ƙasar nan ba tare da ubansa ya sa masa albarka ba. Har yau in na tuna sai na ji haushin wanda ya ƙirƙiro yaren nan. Haba jama'a, ku ɗauki abubuwa biyu da ba su haɗa komai ba, ku laƙa musu suna ɗaya, sai wajen rubutu ku ɗan sauya haruffa, ku bar bayin Allah suna shan kunya a gaban dangi! Masil, wai tsokar jikin mutum. Masil kuma, wai wata halitta ce ta teku da ke zaune cikin ɓawo kamar katantanwa. A baki babu bambanci ko kaɗan. Ni a lokacin ta farkon kawai na sani, maigidana kuwa, duk da karatunsa, ita kaɗai kunnensa ya yarda ya ji.

Maigidan nawa likita ne, GP, wato likitan unguwa, a nan Manchester. Kowa Dakta yake ce masa, har ni. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, amma yana da hali guda: ba ya bari ka kai ƙarshen magana. Kana farawa ya gane inda ka dosa, ya ƙarasa maka, ya ba ka amsa, ya ɗora da nasiha. Ban san yadda marasa lafiyarsa suke ƙarewa da shi ba. Ni dai shekara da shekaru ina fara zance a gidanmu na Old Trafford, shi yana sauke min shi a inda ban nufa ba.

Yaron kuwa shi ne ɗanmu na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma in ya tashi mayarwa sai ka tausaya wa Hausar. Shiru-shiru ne, bai gaji bakina ba, bai gaji na ubansa ba. Da ya shiga uni, wato jami'a, ilimin halittu ya karanta, Dakta kuwa tun ranar farko ya yanke hukuncin cewa wannan hanyar likitanci ce, zagaye kawai yaron ya ɗan yi. Ko da muka ga yana yawan zuwa bakin teku da 'yan ajinsu, yana dawo min da takalman roba cike da taɓo, Dakta cewa ya yi shan iska ne, mai karatu da yawa yana bukatar iska.

Wata Lahadi da rana muna cin tuwon shinkafa da miyar taushe, yaron ya gyara murya. Da Turancinsa na 'yan Manchester, wanda ake haɗiye rabin kalma a bar maka rabi, ya ce ya samu aiki a New Zealand, aikin masil.

Dakta ya tsame hannu daga miya.

"Masil! Allahu Akbar! Hajiya, ban gaya miki ba? Ban ce miki zai dawo hanya ba?"

"Abba, no, ba irin..."

"Na sani, na sani, ba asibiti ba ne, bincike ne. Ai da haka ake farawa."

"Abba, gona ce. Farm."

"Haka suke kiran ɗakunan bincikensu yanzu, inda ake rainon ƙwayoyin tsoka. Kai, ni za ka koya wa masil? Tun ba a san za a haife ka ba nake yanka masil a Zariya."

"Amma waɗannan kore ne, Abba."

"Launi ake zuba musu don su fito a na'ura. Ci tuwonka."

Yaron ya juyo ya dube ni. Ni kuma a lokacin na riga na fara lissafin wadda zan fara bugawa waya. Na dai tambaye shi ina ne New Zealand ɗin, ya ce in na haƙa rami a tsakar falonmu na yi ta gangarawa, kusa da can zan ɓullo. Na ce ba komai, neman ilimi ne. Daga baya ya biyo ni kicin ina wanke-wanke, ya ce, "Umma, abin kamar kifi ne fa." Na ce masa madalla, ai da hankali, a fara gwadawa a jikin kifi kafin a taɓa ɗan Adam. Ya tsaya ya dube ni, ya ɗauki tawul ya shiga goge kwanuka.

Kafin la'asar labari ya isa Birmingham. Yayan Dakta yana can a Aston, injiniya ne da ya yi ritaya, shi ne babba a dangin duk ƙasar nan, kowa Yaya yake ce masa, yara kuma Baffa. Ya ce ba zai yiwu ɗansu ya zama likitan masil a tafi da shi ƙarshen duniya ba a yi walima ba, kuma a gidansa za a yi.

Ranar Asabar ɗin da aka sa muka ɗauki hanya. Yaron yana baya ya rungume kular dambun nama, sau da yawa yana buɗe baki, Dakta yana rufe masa da shawarwarin yadda ake zama da manyan farfesoshi. Muka tarar da gida ya cika. Maza a falo, mata a kicin har kan matattakala, takalma a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. Likitoci ne da injiniyoyi da akantoci, irin taron da in an tambaye ka me ɗanka yake karantawa, kowa sai ya ajiye cokali ya ji amsa. Dakta ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce shi ɗan ƙaramin likita ne mai duba mura da hawan jini, amma Allah ya ba shi ɗa ƙwararre. Aka yi ta kabbara.

Ana gama addu'a facalata, matar Yaya, ta leƙo daga kicin ta ce tun da likitan masil yana kusa, a taimaka a duba mata gwiwar nan kafin ya tafi, GP ɗinta ba abin da ya sani sai a rage ƙiba. Wani akanta ya ce shi wuyansa ne, in ya juya hagu sai ya ji ƙas. Nan da nan layi ya fara haɗuwa. Yaya ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata, a gidansa ake, kuma shi ne babba. Ya tuɓe babbar riga, ya ajiye hula a kan kujera, ya yi rub da ciki a kan darduma daga shi sai singileti.

"Zo nan, ɗana. Daga nan ƙugu yake tasowa, ya bi ta nan. Danna, kada ka ji tsoro."

Yaron ya durƙusa a gefensa. Ya ɗaga hannu kamar zai danna, ya mayar. Sai ya tattaro duk Hausar da Allah ya hore masa.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ni ba likita ba ne. Ni manomi ne. Na ruwa."

Yaya bai tashi ba, ya dai juyo da kai.

"Na me?"

Yaron ya zaro wayarsa ya kunna wani bidiyo, ya sa a gaban fuskar Baffansa a nan ƙasa. Jama'a suka yi caa a kansu. Teku ne shuɗi tsakanin duwatsu, an jera wasu manyan robobi baƙaƙe suna yawo a kan ruwa, sahu-sahu kamar kunyoyin gona. Ga wani jirgin ruwa mai faɗi, ƙarti sanye da takalman roba suna jawo igiya daga ƙarƙashin ruwa da inji. Igiyar ta fito a cunkushe da wasu ɓawo masu koren baki, sun manne mata tun daga sama har ƙasa, ruwa yana tsiyaya.

Facalata ce ta fara magana. "Lah! Wannan ai makankari ne! Da irin ɓawon nan kakata take kankare ƙanzo a gindin tukunya. Yanzu abin cikin ne ake ci?"

Yaron ya ce eh, ana ci, ana kai shi ƙasashe da yawa. Na nan Ingila baƙaƙe ne ƙanana, na can ne kore manya. Tun suna 'yan mitsi-mitsi ake jera su a jikin igiya, a zura musu wata doguwar safa ta auduga don kada su zube, a saki a ruwa. Kafin safar ta ruɓe sun kama igiyar da kansu.

"Safa?" in ji akanta mai ciwon wuya. Ya juya hagu da sauri don ya ga ko kowa ya ji, ban kuwa ji wani ƙas ba.

Yaya, har yanzu yana kwance, ya ce, "To me ake ba su? Dusa?"

"Ba a ba su komai, Baffa. Ruwan suke tacewa su ci."

"Kiwo ba dusa, ba harawa, ba mai share garke?" Yaya ya tashi zaune. "Kai, mayar min baya in ga injin nan da kyau."

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na san dai daga kicin ta taso, ta bi matattakala, ta shigo falo, har da masu riƙe ciki. Ba dariyar mugunta ba ce, wallahi, ni kaina sai da na cusa mayafi a baki. Amma da na ɗaga ido na ga Dakta a tsaye inda ya yi jawabi, dariyar ta maƙale min. Wani abokinsa ya dafa shi ya ce, "Dakta, ashe Sarkin Ruwa ka haifa mana!" Dakta ya nemi takalmansa a cikin tarin nan ya fita.

Muka kamo hanya daga Birmingham zuwa Manchester. Sai da muka tsaya a ƙofar gida, Dakta ya kashe mota, ya yi magana yana kallon gaba.

"Hajiya, ki gaya wa yaron nan ni ban haifi masunci ba. In zai tafi, ya tafi da ƙafarsa, amma ba da bakina ba."

Yaron yana zaune a bayansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba.

Daga ranar na zama 'yar aike a cikin gidana. Ki gaya wa masuncin nan ya matsar da motarsa. Ki tambayi masuncin nan ina ya kai cajar wayata. Yaron yana gaishe shi kullum da safe, a durƙushe kamar yadda muka koya masa, Dakta ya amsa wa bango. Abin ya fara ba ni dariya, daga baya ya daina. Wata rana na tarar da yaron a ɗakinsa ya buɗe akwati ya zuba mata ido, bai sa komai a ciki ba. Ya ce, "Umma, aikin nan shi nake so tun ina shekarar farko a uni. Zan tafi. Amma in Abba bai ce Allah ya yi min albarka ba, ban san yadda zan hau ruwan nan ba." Yaron da aka haifa a Manchester, wanda ko sunayen kwanakin mako sai ya yi tunani kafin ya faɗa da Hausa, ashe wannan ya shige shi har ƙashi. Na fito na shiga banɗaki na yi kukana.

Matsalata ita ce ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta tsayawa ta yi wa ɗan fari lauya, abin kunya ne, sai a ce ta cika son kai. Sai na riƙa zagayawa. In na kai wa Dakta shayi in ce, "Wai ni kam, akwai wasu mutane da na sani, ɗansu ya samu wata sana'a ta halal..." Kafin in kai ko'ina ya ce, "Ki gaya wa mutanen nan ɗansu ya watsa musu ƙasa a ido."

Yaya ma ya bugo. Shi tuni ya koma ɓangaren katantanwa, har yana tambaya ko za a iya yin irin wannan kiwon a dam ɗin garinsu. Ya ce ya tambayi malami, an ce a mazhabarmu duk abin da ya fito daga teku halal ne. Ina jin Dakta yana cewa, "Yaya, ni ban ce haram ba ne. Cewa na yi a gaban jama'a na miƙe na ce ƙwararre, ya tashi ya ce manomi." Yaya ya ce ai kai ne ba ka bari yaro ya gama magana ba. Dakta ya ce layin ba ya da kyau.

Da na ga lokaci yana ƙurewa sai na yanke shawarar bi ta ciki, tun da kunne ya toshe. Na hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, na nufi Cheetham Hill, wajen manyan shagunan sari inda ake sayar da kifin ƙanƙara. Na yi ta bin firji-firji ina leƙe har na gan su a kwali, an buɗe su an bar kowanne kwance a rabin ɓawonsa, bakin ɓawon kore shar. A jikin kwalin ga sunan ƙasar da za ta ɗauke min ɗa. Na tsaya ina hararar kwalin har mai shagon ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

A gida na zazzage su a roba na tsaya ina kallo. A'uzubillahi. Wasu ruwan lemo, wasu fari-fari, kowanne da wani baƙin zare a gefe da ɗan gemu. Na kira yaron na ce me ya sa launinsu ya bambanta, ko wasu sun lalace ne? Ya ce a'a, masu ruwan lemon mata ne, farare maza. Na ce to, Allah ya kyauta, har a nan ma matan sun fi kwalliya. Na ɓanɓare su daga ɓawo, na tsige gemun, na wanke da lemon tsami, na sake wankewa, na kuma wankewa har yaron ya ce Umma, kin wanke ɗanɗanon. Na ce shi nake nema in wanke. Na kawo citta da kanumfari da masoro da attaruhu, na jefa daddawa, na yi farfesun da ko dutse aka sa a ciki sai an sha romonsa. Ɓawon kuwa na ƙulle a leda na kai can ƙasan bola.

Dakta ya dawo daga aiki, na zuba masa. Ya kai cokali ɗaya, ya tsaya. Ya kai na biyu.

"Hajiya, ƙundun wace irin kaza ne wannan mai laushi haka?"

Na ce, "Ci dai."

Ya cinye, ya kurɓe romon, ya miƙo kwano a ƙara. Ya ce rabon da in yi farfesu irin wannan tun muna amarci. Sai da ya share kwano na biyu, ya jingina yana hamdala, na gyara zama.

"To Dakta, abin da ka ci ɗin nan, shi ne masil ɗin. Shi yaron nan zai je ya noma."

Na zaci zai yi dariya a wuce wurin. Ina! Ya miƙe zumbur. Ya kama wuyan hannunsa yana jin bugun jininsa. Ya je gaban madubi ya zaro harshe, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya dawo ya zauna yana jiran ƙuraje su feso. Da ba abin da ya feso, sai ya dube ni ya ce, "Kin ci amanata a cikin kwanona." Daga nan muka zama mu biyu da ba a yi wa magana. Saƙo ya koma sai dai ya sake shi a iska: a gaya wa mutanen gidan nan madara ta ƙare. Sauran farfesun da na sa a firji kuwa, washegari na tarar ya ragu sosai, kuma ba mu da kyanwa.

Ana jibi tafiya haƙurina ya ƙare. Na same shi a falo yana karanta jarida, na tsaya a kansa, na ajiye kunyar ɗan fari a gefe.

"Dakta, yau ba wasu mutane ba ne, ni ce. Ɗana ne. Ni na ɗauki cikinsa, ni na yi naƙudarsa a garin nan ba uwa ba uba, kai kana wajen aiki. Bai yi sata ba, bai sha ƙwaya ba, bai bar sallah ba. Katantanwa zai kiwata! In dariyar mutanen Birmingham ta fi maka ɗanka, to ka je su haifa maka wani. Amma wallahi in yaron nan ya hau jirgi da baƙin ciki, ni da kai ne a gidan nan."

Na jira ya katse ni, bai katse ni ba. Na kai ƙarshe har na rasa abin ƙarawa. Ya naɗe jaridar, ya ɗauki makullin mota ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba.

Ranar tafiya da safe ya sauko cikin kwat ɗinsa ta aiki. Yaron ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Abba, zan tafi." Dakta ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ya ce, "To." Ya ce yana da marasa lafiya, ya fita. To kawai. Na ji kamar in bi shi da muciya.

Ni na kai yaron filin jirgi. Ina tuƙi ina share hawaye ina yi masa faɗa a kan abubuwan da bai yi ba tukuna: kada ya yi wasa da sallah, kada ya fita ba rigar sanyi, kada ya kawo min wata mai kama da kifi ya ce mata ce. Yana ta cewa to, Umma. Muka shiga layin auna kaya. Shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon ƙofa, ina jin haushin kaina da nake kallo.

Mun kusa kaiwa gaba sai na hango wani mutum cikin kwat yana kutsawa tsakanin jama'a, yana ba su haƙuri, ya rungumo wata ƙatuwar leda da ta rufe masa rabin fuska. Dakta ne, yana haki. Ya dire ledar a gaban yaron, ya zaro abin da ke ciki. Irin rigar nan ce mai ruwan lemo da ake ɗaura wa mutum a jirgin ruwa don kada ya nutse, mai kauri kamar katifa, da igiyoyi ko'ina, har da usur a rataye.

"Saka in gani," in ji shi. Da bakinsa, kai tsaye, ba ta hannuna ba.

"Abba, ai a wurin aikin suna ba..."

Na take masa ƙafa. Ya zura hannuwa a rigar.

Dakta ya shiga ɗaure igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ja, yana gwadawa da yatsa ko ta yi sako-sako. Bai ɗaga kai ba yake magana.

"Abin nan da ka nuna a gidan Yaya, na nemo shi na yi ta kallo. Kowa katantanwa yake kallo, ni jirgin nake kallo. Ko shingen kirki babu a gefensa, ga ƙasan duk santsi." Ya ja igiyar ƙugu da ƙarfi har yaron ya yi nishi. "Mu mutanen tudu ne. Kakanka ko kududdufi ba ya yarda ya tsallaka. In kana asibiti, ko a ƙarshen duniya ne, na san abin da zai iya samunka, na san maganinsa. Ruwa kuwa ban san ta inda zan taimake ka ba. Kunyar Birmingham tun a mota ta sake ni. Ita ce dai ta fi sauƙin faɗa."

Muryarsa ta karye a nan. Ban taɓa jin ta karye ba, ko ranar da aka bugo aka ce mahaifiyarsa ta rasu. Tausayinsa ya kama ni, duk fushin da na tara ya zube.

Yaron ya durƙusa a tsakiyar layin, cikin rigar nan da ta hana shi lanƙwasa da kyau. Turawan da ke bayanmu suka ja akwatunansu baya. Dakta ya ɗora hannu a kansa.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa albarka a sana'arka. Allah ya tsare min kai a kan ruwa da ƙarƙashin... a'a, a kan ruwa kawai. Ba ruwanka da ƙarƙashi, ka ji ko?"

"Na ji, Abba."

Na ce amin da ƙarfi har matar da ke auna kaya ta ɗago.

Rigar ta ƙi shiga akwati, ko ta wane gefe aka juya ta. Na ce a cire a riƙe a hannu, yaron ya ce a'a, Abba ne ya ɗaura. Haka ya rungume mu, da ƙyar hannuwana suka zagaye shi, ya juya ya nufi ƙofar shiga, usur yana lilo a ƙirjinsa, yara suna nuna shi da yatsa. Muka tsaya muna kallon ruwan lemon nan yana ratsa jama'a, ya ɓace, ya sake ɓullowa can gaba, har ya sha kwana.

Dakta bai motsa ba sai da na taɓa hannunsa. Ya ce a tasi ya zo, mu tafi tare, amma ni zan tuƙa, wai hasken wurin nan ya dame masa ido.